Igiyar Ɗantala

Angwal Kalgo, ta ƙasar Geceme
Oktoba, 2024

Zuwa ga taubashina Sha'ibu, a Faraku, ƙasar Benin.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Shatu da ɗiya da jikoki. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ta koyi gardama: in na ce mu tashi, sai ta ce a jima tukuna. Damana ta yi kyau, ruwa har ya so ya yi yawa. Hatsi ya nuna, an shiga yanka.

Da kunnenka na aiki da ta waya zan kira ka. Amma na tuna bara, da na ce maka an yi mana haihuwa ka ce Allah ya jiƙan Musulmi. Shi ya sa na nemo alƙalamin da na aje tun da na bar koyar da yaƙi da jahilci. Umaru direban albasa zai kawo maka, in Allah ya ƙetarar da shi gulbi, tunda har yanzu gada a rufe take.

Sha'ibu, Ɗantala ya rasu.

Na rubuta shi hakanan a tsaye don ban san yadda ake lanƙwasa shi ba. Ciwon ƙirji ne. Ɗansa Abdul'aziz, mai shagon kayan babur a Dogon Dutsi, ya ɗauke shi ya kai likita, ya yi iyakar yinsa, ba wanda zai ce bai yi ba. Da safe ya cika, kafin azahar an kawo mana shi gida.

Matasan da ya koya wa ginar rijiya su sunka gina kushewar. Ka san ƙasarmu, rairayi ce, kana gina tana biyo ka. Sai da sunka yayyafa ruwa ta tsaya. Da anka zo sauke shi, liman ya ce in matso, ni ne amininsa. Na durƙusa a baki, na ji bakina yana cewa, "A hankali, ku sassauta, ku sassauta." Maganar da muke yi ke nan in muna zura shi rijiya. Ba ni na sa bakin ba, shi ya tuna da kansa. Kafin nan, a hanyar maƙabarta, na kama gefen makara na dama, na waiga hagu inda ya kamata in gan ka, sai na ga wani mai sayar da katin waya.

Jama'a ta zo ƙwarai. Daga Geceme, daga Tibiri, har daga Sukukutane an zo cikin a-kori-kura. Wani tsoho ya taho daga Lugu da sandarsa, bai shiga sahu ba, ya tsaya gefe har anka gama, ya ce, "Mai rijiya ya sauka," ya juya. Ko ruwa bai sha ba.

Abdul'aziz ya ce zaman gaisuwa kwana uku ne, babu sadakar bakwai, babu ta arba'in, su a fahimtarsu ba a yi. Ba mu ja da shi ba, ubansa ne. Munka zauna kamar an ɗaure mana baki. A rana ta biyu wani baƙon malami, wanda bai taɓa ganin mamacin ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya jiƙan wanga bawa, an shaide shi da cewa bai taɓa faɗin abin da bai gani ba." Na dubi ƙasa. Liman ya dubi sama. Sai Yaro maƙeri ya yi wani tari da ba tari ba, shi ke nan, rumfa ta fashe. Sha'ibu, mun yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar mu da hawayen.

Ka san abin da ya ba mu dariya: labarin rijiyar Sukukutane. Kai rabonka da shi tun yana rarrafe, yanzu ya yi gemu, don haka bari in nuna maka yadda ya girma. Wai Ɗantala na can ƙasa yana sara da dagi, mu biyu muna sama riƙe da igiya. Zurfin a shekarar da anka yi abin gaba ashirin ne, bara ya kai saba'in. Sai ya ji luguden daka a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ƙara sara ɗaya, ƙasa ta ɓurme, ya faɗa tsakar gidan aljana Doguwa, tana tsaye da taɓarya, kanta na gogar rufi. Ta ce, "Ashe kai ne ɗan banzan da ke zuba mini rairayi cikin turmi tun farkon rani!" Ta sa shi ya tsince mata hatsin ƙwaya-ƙwaya. Da ya gama ta dama masa fura mai sanyin da ya sa haƙorinsa na gaba ya fita, ga giɓin nan kowa ya gani. Ta ce ta ba shi ɗiyarta. Ya ce a yi haƙuri, an riga an kai kayansa gidan su Kubra. Ta fusata. Ya girgiza igiya ya yi ihu, "Ku ja ni!" Munka ja, ta kama wando, munka ja, ta ja, ya fito ya bar mata wandon. Ta watso masa ƙasarin da ta wanke hatsi da shi, shi ne ruwan rijiyar har yau.

Kowace gaɓa sai ya tsaya ya juyo wajena ya ce, "Ishaku, ƙarya nika yi?" In ce, "Haka anka yi." Aikina ke nan shekara hamsin. Shi ke zuba, ni ke amshi.

To ga abin da ya sa na tsawaita. Ya rasu ya bar hatsinsa a tsaye. Gari ya yanke za a yi masa gayya a yanke, a ɗaure, a sa rumbu. Kuma ka san duk gayyar da anka yi a garin nan, in an ci tuwo an koma inuwa, da labarin nan ake rufewa. Kubra tana takaba, ta aiko aka kira ni, ta yi mini magana ta bayan zana. Ta ce, "Ishaku, ba ni son a sa hatsinai rumbu shiru kamar na marar kowa. Ka ba da labarin." Na ce to, don ba a ce wa mai takaba a'a.

Na koma gida na gwada ni kaɗai a bayan rumbu. Labarin duk yana kaina, amma ba ya tafiya. In na kai gaɓa sai in tsaya ina jiran amshi, kuma mai amshin ni ne. Ba kowa ke iya zama wurin ba, sai wanda ya riƙe igiyar. Mu biyu ne. Ka taho, Sha'ibu.

Ka gaida Shatu.

Naka,
Ishaku

*

Faraku
Oktoba, 2024

Zuwa ga Ishaku.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni a rumfa, muna lafiya. Shatu na fama da hawan jini amma da sauƙi. Albasa ta yi tsada, masu saye sun yi arha.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Ɗantala, ya yafe masa, ya sa ya huta. Da na karanta, na rufe rumfa da rana tsaka, abin da ban yi ba ko ranar da kasuwa ta yi gobara. Na je na zauna bakin masallaci. Wani Bazabarme maƙwabcina ya tambaye ni wa ya mutu, na buɗe baki in gaya masa, sai na ga ba wanda ya san shi a duk garin nan. Na ce masa wani ne can gida.

Ka isar mini da gaisuwa ga Kubra da ɗiyanta.

Yanzu maganar makara. Na karanta wurin nan har ya kusa hujewa. Ka waiga hagu ba ka gan ni ba. Na ji. Ba sai ka naɗe shi cikin lallausan zane ba, malamin yaƙi da jahilci. Ka fito ka ce Sha'ibu bai zo jana'izar yayansa ba, bai zo ta gwaggonmu ba, ga shi bai zo ta Ɗantala ba. Na san ana faɗi. Shekara talatin da wani abu ban taka garin ba, gidan babana an ce ya zama gonar kuɓewa. In zo in sauka ina? In tsaya a tasha yara suna tambayata wa nake nema?

Sa'an nan labarin. Ishaku, ku kun yi shekara hamsin kuna dariya, ni ban taɓa yi ba ko sau ɗaya. Ni abin da na sani, ƙasa ta rufto masa har ƙirji. Muna jin muryarsa tana fitowa ƙarama kamar ta ɗan akuya. Duk wanda ya matso baki sai rairayi ya ƙara zuba, har munka kori kowa, munka rage mu biyu kwance rubda ciki. Tun hantsi muke zura guga yana cikawa da hannu ɗaya muna fiddawa, har rana ta yi ja. Igiya ta cinye mini tafin hannu, tabon na nan, da shi nake auna albasa. Haƙorin da kake cewa na fura, bakin guga ne ya fasa shi. Wandon kuwa ƙasa ta riƙe. Da ya fito bai san mu ba, yana ta kiran uwarsa.

Kashegari na naɗe tabarmata. Kun ce ci-rani na tafi. Ba ci-rani ba ne, ramin ne ban son in sake gani. Har yau in zan wuce rijiya sai na yi kwana.

Yanzu kuma an sa shi cikin ramin da ba a fitowa, kana ce mini in hau kwale-kwale da tsufana, in zo in zauna gaban jama'a in ce haka anka yi. Ba haka anka yi ba. Kuma ka taɓa ganin kurma na amshi? Kana Doguwa ina wando.

Ka nemi wani. Yaro maƙeri ai yana da baki. Ni zan yi masa addu'a daga nan, ita ba ta bukatar ƙetare gulbi.

Sha'ibu

*

Angwal Kalgo
Nuwamba, 2024

Zuwa ga Sha'ibu, sarkin fushi na Faraku.

Bayan gaisuwa, Allah ya ƙara wa Shatu sauƙi. Ka ce ta rage gishiri, ta kuma rage sauraronka. Gwiwata na gaishe ka.

Wallahi ban rubuta maganar makara don in soke ka ba. Da suka nake so, ai taubashina kake, ina da izini tun daga kakanni, ba sai na ɓoye ba. Na waiga ne don na saba. Ko a zaman gaisuwa sau nawa na juya in gaya wa Ɗantala wani abu game da masu zuwa gaisuwar Ɗantala.

Duk abin da ka faɗa na ranar nan haka yake, ina wurin, cikina ma ƙasa ɗaya ya kwanta da naka. Amma ka tafi da wuri, ba ka ga sauran ba. Mutanen Sukukutane sun ce iska ta kama rijiyar, a rufe ta. Matansu kuwa tafiyar rabin yini suke yi neman ruwa. Ba mai yarda ya sauka, ni ma na ce ko an ba ni raƙumi. Ɗantala na kwance a bukka, ƙirji duk ya kumbura. Da ya samu ya zauna, dattawa sunka zo duba shi, mai gari ya ce, "Yaro, mi ka gani a ƙasa?" Ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Wata mata na iske tana daka." Ranar labarin bai wuce haka ba, sai wandon. Amma mai gari ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Bayan sati Ɗantala ya ce a zura shi ya je ya amso wandonsa. Matasan garin sunka kama igiya suna dariya. Rijiyar na nan, da ruwanta anka yi alwala anka taho jana'izarsa.

Kai kuma da kake cewa ba wanda ya san ka. Akwai gaɓar da ban rubuta maka ba. In ya kai wurin ja, sai ya ce, "Wa ya riƙe igiya?" In ce, "Ni da Sha'ibu." Sai ya ce, "Wane Sha'ibu?" Jama'a duka su amsa, "Mai hannun ƙarfe!" Wai kai ka naɗe igiyar a hannu ka ce ko a fito tare ko a tafi tare. Wannan kam ba ƙari a ciki, na ji ka da kunnena. Matan garin nan in guga ya yi nauyi cewa suke, ina Sha'ibu. Akwai waɗanda sunka ɗauka kai ma irin Doguwa ne, ba a ganinka. In ka sauka a tasha ka faɗi sunanka, matsalarka ita ce wa zai fara kai ka gidansa. Ɗakin baƙina kuwa an yi masa sabon yaɓe.

Abdul'aziz ya zo ranar kasuwa, ya zauna nesa da tabarmata yadda ya kamata. Ya ce, "Baba Ishaku, na ji abin da Inna ta roƙa. Ni tsoro nake ji wa Baba. Yana can ana yi masa hisabi, mu muna nan muna ƙara masa Doguwa." Na ce, "Ɗana, a cikin masu saurare ka taɓa ganin wanda ya tafi gida ya yanka wa Doguwa kaza saboda ta ƙwace wando?" Ya yi murmushi bai so ba. Ya ce, "To ku faɗa tun farko cewa raha ce." Na ce na yarda. Yaron kirki ne, Sha'ibu. Goshin uban ne da shi, dariyar ce ya ɓoye a shago.

Na gwada Yaro maƙeri. Ina cewa gaba saba'in ya ce ai shi tamanin ya ji. Mai amshi ba ya gasa da mai labari. Na sallame shi.

Batun kunne kuwa, in na kai gaɓa zan taɓa maka gwiwa. An sa gayya Asabar ta ƙarshen wata. Ka taho.

Ishaku

*

Angwal Kalgo
Disamba, 2024

Sha'ibu,

Ina gaisuwa. Ban ji daga gare ka ba, ban kuma ga Umaru ba. Ko fushin ne bai sauka ba, ko jikin Shatu ne, Allah ya sa ba shi ba ne. Ni dai ranar Juma'a na sa an share ɗakin baƙi, na zauna bakin hanya har motar ƙarshe ta Geceme ta wuce. Ta sauke buhun siminti da wata mata mai kaji.

An yi gayya. Tun da sassafe gona ta cika, har mutanen Abdul'aziz na Dogon Dutsi sun zo, 'yan kasuwa masu tsabtar hannu, sun ɗaure damma karkatattu amma sun ɗaure. Kafin la'asar rumbu biyu sun cika, an ɗora na ukun a kan rumfa. Hatsin bana na Ɗantala ya fi na kowa, kamar ya san ba shi zai ɗauka ba.

Anka ci tuwo, anka yi salla, anka koma gindin gawon ƙofar gidansa. Mata suna ciki, jikin zana, ana ganin ƙafafunsu ta ƙasa. An shimfiɗa mini buzunsa. Ban zauna a kai ba, na zauna gefe inda na saba, sai liman ya ce, "Malam Ishaku, yau can ne wurinka." Na matsa.

Na cika wa yaron alkawari. Na ce, "Jama'a, abin da za ku ji raha ce ta Ɗantala, wanda ya ɗauke ta gaskiya ya biya kansa." Wani ya ce, "Yau ka faɗa, bayan shekara hamsin!" Aka yi dariya, na samu ƙofa na shiga.

Da farko ya tafi. Na sauke shi, na sa shi ya ji lugude, na ɓurma ƙasa. In na kai gaɓa sai in ji wurin amshin a buɗe kamar giɓin haƙori, in tsallake. Da Doguwa ta ce ɗan banza, har 'yan Dogon Dutsi sun dara. Na ga Abdul'aziz ya sa hannu ya rufe baki, kafaɗunsa na motsi. Na ce a raina, Ishaku, ashe ka iya, Sha'ibu ya zauna da albasarsa.

Na ba shi fura, na fidda haƙori, na kawo ɗiyar Doguwa ya ƙi ta. Sai wurin girgiza igiya. Na cika ƙirji na yi ihun, "Ku ja ni!"

Sha'ibu, ba muryata ta fito ba. Tasa ce. Ba ta gindin gawo ba, waccan ƙaramar da ka ce, ta ƙasan rami. Ban san tana cikina ba. Na ji ta kamar kowa, daga waje. Na buɗe baki in ce munka ja, na ga hannuwana a kan gwiwa, tsofaffi, babu komi cikinsu. Wata biyu ke nan da na ce a sassauta, a sassauta, aka sassauta, kuma ba wanda ya ja. Yaya zan dubi mutanen da sunka tura ƙasar da hannunsu in ce musu ya fito?

Na yi shiru. Jama'a na jira, sun ɗauka salo ne. Yaro maƙeri, Allah ya saka masa, ya ce, "Sai kunka ja." Na ɗaga kai in amsa, abin ya ƙi. Daga baya liman ya yi gyaran murya ya ce a yi wa mamaci addu'a. Aka shafa, aka watse a hankali, kowa na neman takalminsa kamar shi ya yi laifi. Abdul'aziz ne ya kama ni ya tashe ni. Sai da munka kai ƙofar gidana ya ce, "Ban taɓa jin Baba ya yi wannan muryar ba." Na ce, "Ba ka isa ji ba, ba a haife ka ba." Ya tsaya kamar zai ƙara tambaya, ya fasa.

Da safe na je gaida Kubra. Na tsaya bayan zana na yi sallama, na fara neman kalmar ban haƙuri. Ta riga ni. Ta ce, "Ishaku, ina gwiwa?" Na ce da sauƙi. Ta ce, "Wata biyu, kun sa mini shi ƙasa sau biyu. Na farkon na Allah ne, ban ce komi ba. Na biyun fa?"

Na dawo gida.

Ba roƙonka nake ba wannan karon, na roƙa sau biyu ya isa. Labari nake ba ka, tunda kai kaɗai ka rage da zan ba labari ba sai na fara daga farko ba. Ga inda abin ya tsaya: yana can gidan Doguwa, ya girgiza igiya, yana jira.

Ka gaida gida.

Ishaku

*

Faraku
Disamba, 2024

Ishaku,

Muna lafiya, Shatu ta warware har ta koma faɗa. Ba fushi ne ya hana ni amsa ba. Motar Umaru ta lalace a Malanbil, bakin gulbi, ya yi makonni yana jiran ƙarfe, har wani direba ya iske shi can da takardarka ta biyun, takardunka biyu rana ɗaya sunka iso hannuna, ɗaya na warin albasa ɗaya na warin man inji. Na karanta ta farkon na ce gayya ta wuce, Allah ya hutar da ni. Sai na buɗe ta biyun.

Kai wane irin mutum ne? Shekara hamsin kana zaune kusa da gwani ba ka koyi komi ba? Wa ya ce ka sauke mutum in ba ka da mai taya ka ja? Ko a wancan karon ai ba kai ka yi aikin ba, kai kuka kake kana kiran sunan waliyyai, ni ke ja. Da ka ga ban zo ba sai ka ce a ɗaga. Amma a'a, malami ne, ya iya.

Shatu ta same ni da takardar a hannu, ta ce mi ya faru. Na ba ta labarin tun daga rijiya. Aurenmu shekara arba'in da wani abu, ban taɓa gaya mata ba, ta ɗauka tabon hannuna na wuƙar albasa ne. Na ba ta na gaskiyar, sa'an nan na ba ta na Doguwa yadda ka rubuto. Da na kai wurin turmi ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ni ma na ji wani abu ya kuɓuce mini, ashe dariya ce. Ta ce, "To sai aka yi yaya?" Na ce Ishaku ya bar shi can. Ta ce, "Kai kuma kana nan zaune kana auna albasa?" Ita ta ɗauko mini jaka.

Zan biyo Umaru in ya juyo, bayan kasuwa mai zuwa. An ce kwale-kwalen ba ya kifewa kullum.

Ga sharuɗɗana. Ba zan ce haka anka yi a kan Doguwa ba, ban gan ta ba, ina sama. Abin da na gani shi zan shaida, kuma ya isa: na riƙe, na ja, ya fito, babu wando. Wannan ko gaban alƙali zan faɗe shi, ka gaya wa Abdul'aziz ya kwantar da hankalinsa. In yana son ya ji na ranar nan yadda take, ya zo ya same ni ni kaɗai, zan gaya masa wane ne ubansa cikin rami da hannu ɗaya. Sa'an nan ka kai ni kushewar tukuna, kafin kowa ya san na iso. Ina da magana da shi da ba ta jama'a ba ce.

Kuma kada ka kuskura ka sake farowa daga sama. Ba za mu sauke shi sau uku ba. Ka tara mutane a gindin gawon, ka ce musu an tsaya a wurin kaza, ka taɓa mini gwiwa, mu ɗauka daga nan. Tada matattu na Allah ne, ba mu da hannu a ciki. Amma wanda ka bari gidan Doguwa, wannan namu ne.

Ka ce wa Kubra ta ƙara mana haƙuri kaɗan. Mun tsufa, ja zai yi nauyi, amma mu biyu mun taɓa fiddo shi.

Taubashinka,
Sha'ibu